Yadda Na Nutsar da Jirgin Baba

Muna idar da sallar asuba muka ɗaura wa bijimai amalanke muka bar Kusada, ni da maƙwabcina mai shanun. Abin da ya fitar da ni kuwa neman jirgin ruwa ne. Ku yi dariyarku, mutanen unguwarmu sun riga ku.

Babana ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙin jirgi a kogin Kwara. Yanzu ido ya tafi, ƙafa ta tafi, kuma tun da damina ta cika tafkin bayan garinmu ba ya da magana sai ɗaya: "In ji ruwa na motsi ƙarƙashina sau guda, sannan in tahi." Ga kaka ta shigo, tafki ya fara ja da baya, Baba ma kullum jiki sai ƙara sanyi yake. Na ce wallahi babu wanda zai riga ni a cikinsu.

Hanyar Kankiya ba ta bushe ba tukuna. Sau biyu amalanke tana kafewa, muna turawa muna tsine wa laka. Wata Bafulatana ta dama mana furar kwabo, nono har da mai, ta tambayi inda muka dosa. Da na faɗa mata sai ta kalli maƙwabcina da tausayi, kamar mai rakiyar mara lafiya.

Kankiya ta cika maƙil da motocin gyada, buhuna jibge a bakin kanti, ƙosai ma ya yi tsada. A nan na gane ba ni kaɗai ke wannan haukar ba. Wai tun da wani Bature ya shiga jirgi harbin agwagin ruwa, duk mai ɗan abin hannu ya ce shi ma sai ya sha iska a kan ruwa. Masassaƙin jirgi kuwa ɗaya tak ne a duk yankin, wani tsohon Banufe da ke zaune a Rimaye.

Washegari da hantsi muna ƙofarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, jirgi nake so, ko ɗan ƙarami."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Mutum tara ke gabanka, itace kuwa ɗaya gare ni. Yanzu ba a sare maɗaci sai da takardar malamin daji. Ka dawo baɗi."

Baɗi! Ai sai na nemi wuri na zauna. Ni dai taurin kai gado na yi. Na kwashe masa ɓaraguzan sassaƙa, na ɗebo masa ruwan alwala, har azahar ban motsa ba. Can ya gaji da ganina ya ce, "Kai ma shan iskan za ka yi?" Na ba shi labarin Baba. Da ya ji na ambaci Kwara sai ya ajiye gizago.

Daga nan ya ce akwai wani jirgi da ya sassaƙa wa wani attajirin gyada a Kankiya bara. Mutumin, saboda tsabar so, ya ɗora shi a kan gado a zaure, ya lulluɓe shi da bargo, wai kada ruwa ya ruɓar masa da shi. Kafin bazara jirgi ya tsage. "Ku mutanen tudu kun ɗauka doki ne," in ji tsohon. "Ƙishirwa ke damunsa. Ka sayo shi, ka cusa auduga a tsagar, ka danne shi da duwatsu a ƙarƙashin ruwa kwana bakwai. Ko an ce maka gobara ake, kada ka ɗago shi kafin nan."

Muka juyo Kankiya. Jirgin nan na tarar awaki na cin dusa a cikinsa, raina ya ɓaci ƙwarai. Attajirin ya sallama mini shi a kuɗin tunkiya, yana ta murmushi, ya tabbata ya samu wawa.

Kwananmu huɗu muka shigo Kusada, gari ya biyo amalanke har bakin tafki. A gaban idonsu na cusa auduga, na loda duwatsu, jirgi ya yi ƙasa. Wayyo, ranar na sha ba'a! "Ya je har Rimaye ya ɗauko gawa ya kawo mana jana'iza." Na shiga gida a sanyaye na faɗa wa Baba abin da na yi. Sai ga shi yana dariya, dariyar da na manta kalarta. Ya ce, "Ka nutsar? To yanzu na yarda jirgi ka kawo."

A rana ta huɗu da nutsar da jirgin, Baba ya ƙi cin abinci. Tsoro ya kama ni, na ce bari in je in ɗago shi haka nan. Ya riƙe mini hannu. "Kwana nawa mutumen ya ce?" Na ce bakwai. "To bar shi. Ni ma zan jira."

Ya kuwa jira. Ran na bakwai muka cire duwatsu, muka kwashe ruwa da ƙwarya, itace ya kumbura ya haɗe bakin tsagar, jirgi ya tsaya cak a saman ruwa. Masu ba'a suka matso suna leƙe. Na goyo Baba na zaunar da shi, na kama tuƙi, sai zagaye muke a wuri ɗaya. Ya laluba ya fizge filafilin da nake tuƙi da shi. "Ba ni nan, ɗan tudu." Tsohon da ba ya iya ɗaga moɗa ya kai mu tsakiyar tafki tiryan-tiryan, ni kuwa ina bayansa ina share hawaye, ina godiya ba ya gani.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ana iya kashe abu da tattali. Attajirin nan ya yi wa jirginsa, ni ma shekara nawa ina yi wa Baba, na killace shi a ɗaki wai kada ya wahala. Tuni mutum uku suka zo taya jirgin, na ce ba na sayarwa ba ne. Kullum da hantsi muna fita, ruwa kuwa ya dawo iya gwiwa. Na ce wa Baba in ya ƙafe zan binne jirgin a laka mu jira wata damina. Ya ce in binne, amma shi bai yi mini alkawarin jira ba.