Matar da ke binciken ciwon daji, a tashar Filinge

Tana zaune a kan benci tana jiran motar Yamai, siririyar mace mai tabarau, ta rungume jakar kwamfuta. Ban san sunanta ba. Hausarta ta nan Kurfai ce, amma ga alama ta daɗe rabonta da gida.

Inna Safi mai sai da kopto, kwaɗon zogale, tana zuba mata a kwano tana tambaya: "Ɗiyata, aikin mi kike yi can?"

"Binciken ciwon daji, inna. Jiki na da sojojin da ke kashe cuta, shi kuwa wannan ciwo ɓad da kama yake yi, su wuce shi ba su gane ba. Shekara goma sha biyu ina neman dabararsa."

"To, duba min wannan."

Sai tsohuwar ta ɗaga mayafi, nan gaban jama'a. Nononta na hagu ya kumbura, fatar ta tsage tana ruwa. Kullum a hannunta nake saye, ban taɓa lura ba.

Matar ta ajiye kwanon. Ina jin ta fi sabawa da ciwon nan a ƙarƙashin madubin bincike, inda ba shi da fuska.

"Tun yaushe, inna?"

"Damina ukku. Ai sai bana ya fara zafi."

Matar ta rufe wa tsohuwar ƙirji a hankali, ta miƙe ta ƙwala wa direba kira: "Mu biyu ne!"

Inna Safi tana dubanta da mamaki. "Yamai? Yau? To wa zai tsare min kopton?"