Rabin Ƙwayar Da Na Ba 'Yata

A lokacin ina matashiyar uwa a wani ƙauye kusa da Roni, ina da 'ya ɗaya da ba ta gama iya magana ba, ga kuma ciki na biyu. Laulayi ya sa ni gaba, ko ƙanshin daddawa na ji sai amai. Wani mai kemis a Kazaure ya ba ni 'yan ƙwayoyi, ya ce suna kwantar da tashin zuciya. Ba zan ɓoye muku ba, na ƙaunaci ƙwayar nan. Idan na sha, duwatsun bayan gidanmu sai su yi laushi a idona, muryar mata a bakin rijiya ta riƙa zuwa min daga nesa, in yi ta lilo tsakanin barci da farke.

Farkon damina maigidana ya cakuɗa irin gyaɗa da jan maganin nan na ƙwari, ya ajiye a zaure kafin shuka. Da hantsi 'yata ta fara amai. Surukata ta ce haƙori ne, ni kuwa da nake jin na zama likita sai na raba ƙwaya biyu, na ba ta rabi, na haɗiye rabi. Aman ya tsaya. Muka kwanta a tabarma ɗaya ƙarƙashin darbejiya, na yi mafarkin muna tafiya cikin gero mai tsayi, tana gaba tana dariya, ina kira ba ta waiwayo.

Da la'asar maigidana ya tashe ni. Yawu na zuba daga bakin 'yata, tafin hannunta jawur da maganin ƙwarin. A kan babur muka kai ta asibiti a Kazaure. Wata nas ta zaunar da ni, ta ce akwai wani gurbi a ƙwaƙwalwa da ke jin guba idan ta shiga jini, shi ke umartar ciki ya matse ya fitar. Ƙwayar da na ba ta, wannan saƙon take toshewa, gubar kuwa tana nan tana aikinta. Ta ce da mun zo da hantsi, da wataƙila an yi wani abu. Kafin magariba Allah Ya karɓi abarSa.

Na yarda da ƙaddara, amma har yau zuciyata ba ta huce ba. 'Yan'uwana mata, idan yaro yana amai ku fara duba hannunsa da abin da ya ci, ku kai shi asibiti, kada ku ba shi maganinku. Ni jikin 'yata ya gaya min tana cikin haɗari, na sa shi ya yi shiru, na kwanta kusa da ita na yi barci mai daɗi.