Yoyon Ɗaki a Cikin Takaba

Ina cikin takabar mijina damina ta sauka, a gidanmu da ke bayan kanal, kan hanyar Bunkure. A lokacin ba na kuka, ba na kuma jin yunwa. In an kawo abinci in ci, in an kira salla in tashi.

Wata safiya ina kwance na ga tabo a jikin silin, daidai saman gado, kalar ruwan shayi. Duk sanda aka yi ruwa sai ya ƙara faɗi. Ina kallonsa kawai, ban gaya wa kowa ba. Da ya fara ɗiga, sai na ja matashina gefe.

Ƙanin mijina ne ya gani, ranar da ya biyo daga gonar shinkafa ya leƙo gaishe ni.

"Yaya, tun yaushe ɗakin nan yake yoyo?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya aro tsani ya hau rufin. Can sama da tabon ya tarar ƙusa ta zare, ruwa na bin katako yana gangarowa. Ya buga sabuwa, ya shafe wurin da kwalta.

Da ya sauko ya ce, "Marigayi ya so gyarawa kafin damina, Allah bai nufa ba."

Na ce Allah ya saka da alheri. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa ko zan ƙara wani abu, sannan ya ɗauki tsanin ya fita.