Tabarau daga Maraɗi

Shekarar da aka rufe iyaka, ina aiki a Jibiya, matata da ɗiyarmu mai shekara uku suna Maraɗi gidan surukaina. Yatsun yarinyar ba su da ƙwari, don haka wata ma'aikaciyar asibiti ta ce mu riƙa yi mata wasa da 'yan wayoyin nan masu laushi da launi-launi, irin na goge lofen shan taba. Kafin su tafi, nakan zaunar da ita tana zura su cikin hudojin kwandon taliya, ni kuma ina lanƙwasa mata zobe.

Sauran ƙunshin wayoyin ya daɗe a ɗakina. Ko na kira, yarinyar ba ta yarda ta yi magana, har na fara tsoron ta manta fuskata. Sai na ba wani ɗan acaɓa na Magama ƙunshin ya kai mata ta ɓarauniyar hanya.

Da ya dawo ya miƙo mini waya ɗaya, an murɗa ta zobe biyu karkatattu a haɗe.

"Malam, ta ce tabarau ne, irin na Baba."

Na cire nawa, na maƙala nata, na zauna bakin ƙofa ina duban hanyar Maraɗi.