Askar Moidukka da Kan Khem

Shekara ashirin da bakwai, kullum kafin motocin kamfani su kwashi leburori, Moidukka ya riga ya wasa askarsa. Rumfarsa kujera ɗaya ce da tsagaggen madubi a ƙofar sansaninmu na bayan birnin Sharjah, a ƙasar Larabawa. Musulmi ne ɗan yankin Kerala da ba ya rasa jam'i, amma bai taɓa tambayar mutum addininsa kafin ya jiƙa masa kai ba.

Juma'ar nan zai koma gida, hannu ya fara rawa. Kamfani ko shayi bai dafa masa ba. Tir da wannan butulci!

Wanda bai san shi ba ya tambayi Khem, ɗan Nepal mai ɗaurin rodi, wanda ya shiga coci a nan kamar 'yan ƙasarsu da yawa. Shekarun baya babansa ya rasu a ƙauye, a al'adarsu kuwa akan ƙona gawa, ɗa kuma ya aske kansa don makoki. Uwarsa ta bugo waya: "In ban ga kanka a aske ba, biyu na rasa yau, miji da ɗa."

Khem ya nufo rumfa, mutum biyu na biye da shi. Tek, dattijon ɗakinsu, yana huci: "Ai ka sayar da mu! Ka je Yesun naka ya yi maka askin." Silas, mai ja musu addu'a a coci, ya riƙe masa hannu: "Ɗan'uwa, aska ta taɓa kan nan, ka koma wa gumaka ke nan." Abin haushin ma, wani namu Musulmi da ke jiran layi, Liaqat, ya raɗa wa Moidukka: "Dama ta samu, ja shi masallaci."

Moidukka ya jefar da tawul.

"Ubansa ko tokarsa ba ta huce ba, kuna rabonsa kamar naman layya? Tek, shekara shida kuna cin tukunya ɗaya! Fasto, littafinka bai ce a girmama iyaye ba? Kai kuma Liaqat, gemu ka kawo, zauna ka jira layinka. Farautar mutum ranar makoki, ba a koya min ita a masallaci ba."

Sannan ya yi abin da duk cikinsu babu wanda ya yi, ya tambayi mai kan: "Ƙanena, me kake so?"

"Uwata nake so, Yaya. Kuma ba zan bar coci ba."

"To sunkuyo."

Da ya gama, shi ya riƙe masa wayar, suka kira uwar ta bidiyo. Tsohuwa ta daɗe tana kallon kan ɗanta, ta ce, "Ɗana, ka rame. Kana cin abinci kuwa?" Khem ya fashe da kuka.

Wata uku ɓangarorin nan suka ƙaurace wa kujerarsa, har aka ce ya sayar da imaninsa. Bai ba kowa haƙuri ba. Gashi ne ya dame su suka dawo.

Moidukka, aska mai sanyin baki! Kai ne ka mayar wa tsohuwa ɗanta ba tare da ka ƙwace wa ɗan abin da ya zaɓa ba. Mun gode, Allah Ya huta gajiya.

Ku kuma masu ƙidayar wanda ya shigo da wanda ya fita, ku koyi tambayar nan tasa. Duk shekara ranar tunawa da babansa Khem na zuwa a aske masa. Baɗi kujerar babu kowa, waye cikinku zai ɗauki askar?