Malam Tanimu Ya Tafi, Lambar Tana Ta Hawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki da safen nan aka kira ni: Malam Tanimu ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba a Hanwa, ya dafe ƙirji, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.



Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu a Samaru muna ɗalibai. Shi ya koya min manna sitiren geji, 'yar abar nan da ba ta kai farce ba, wadda ake liƙa wa ƙarfe ta nuna yadda nauyi ke miƙar da shi. Huɗu na lalata rana ɗaya, na zauna ina kuka. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo min ta biyar ya ce, "Goge ƙarfen da kyau, Rabi. Kuma je ki ci abinci, mai yunwa hannunsa ba ya tsayawa."

Ranar kare furojet lod sel ɗina, wato abin da ke auna nauyi a cikin sikeli, ya ƙi karanta komai. Ya kwance na sikelinsa ya ɗaura min.

Ganinmu na ƙarshe ranar Alhamis ne. Ya kira ni wani tsohon sito a Sabon Gari, bene ne tun zamanin da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya. Sama an jibge buhunan masara, ƙasa mata suna ta tankaɗe da ɗinkin buhu. Gyaran sikeli aka kira shi, amma babban ƙarfen da ke riƙe da benen bai kwanta masa ba, sai ya manna masa geji, ya haɗa shi da mita mai nuna lamba.

Ya buɗe min littafinsa. Litinin, Talata, Laraba. Kullum lambar sai ta hau, wato ƙarfen yana ta miƙewa.

Na ce, "Malam, ko an ƙara kaya ne?"

"Ko buhu ɗaya. Na duba."

"Ko zafi ne ke ruɗa mitar?"

"Na manna wani a ƙarfen da ba ya ɗauke da komai. Shi bai motsa ba."

Garin tsatsa ya zubo daga sama a kan takardar, ya hure shi.

Ya ce ya gaya wa mai siton, mutumin ya yi dariya, wai ginin Bature ba ya faɗuwa. Sai Malam ya ce min, "Asabar mu dawo tare. Ke kina da takardar injiniya, ƙila ya ji taki."

Na ce ina da biki, mu bari sai Litinin.

Yau Litinin.

Na biya ta siton kafin in wuce gidan gaisuwa. Mitar tana inda ya ɗaure ta, lambar ta wuce ta Alhamis nesa ba kusa ba. Na roƙi matan su fito. Wasu sun fito, sauran suka ce sai mai siton ya ce. Shi kuma ba ya ɗaukar waya. Siton zan koma yanzu.

Duk mai uwa ko 'yar'uwa a wurin ya san siton da nake nufi. Don Allah ku kira ta.

Allah Ya gafarta wa Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Ku sa shi a addu'a, ku sa matan da ke ƙarƙashin benen nan.