Saniyar da Ta Ɗauke Ni Ɗanta

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da saniya ta lashe ni a gaban manyan Bauchi ba. A shekarar samun 'yancin kai ne, ina tela a unguwar Wunti, ina ji da kaina ƙwarai.

Wani tsohon soja, mutumin kudancin Bauchi da ke tuƙa mota a unguwar Turawa, shi ya koya mini hamonika, 'yar abar busar nan ta ƙarfe mai jerin ramuka. Ƙungiyarsu ta masu busa za ta yi wasa ranar bikin 'yancin, ni kuwa na ƙwallafa rai sai an gan ni a ciki. Ya ce sharaɗin ɗaya ne, in iya lanƙwasa sauti. Wato ka zuƙi iska, ka ja harshe baya, ka saki maƙogwaro, har sautin ya sunkuyo kamar zai yi kuka.

"Ba ƙarfi ba ne, Tela," in ji shi. "Kai kana zuƙa kamar mai shan koko da zafi."

Na yi ta fama har leɓɓana suka kumbura. Matata ta ce in zaɓa, ko ita ko ƙarfen nan, maƙwabta kuma suka fara yi mata sannu da haƙuri. Dole na koma bayan gari, kusa da garken wata tsohuwar Bafulatana mai kawo mana nono, wadda muke kira Inna.

Wata safiya ina gindin ɗorawa, sai kawai sautin ya lanƙwasu, ya ja wani dogon kuka mai ban tausayi. Kafin in gama murna, wata farar saniya ta amsa daga turke. Sai ga Inna da gudu, ƙwarya a hannu.

"Sake, ɗana, don Allah sake!"

Ashe maraƙin saniyar ne ya mutu, ita kuwa ta riƙe nononta, don ba ta saki sai ta ji ɗanta kusa. Har an cusa ciyawa a fatar maraƙin an kawo mata, ta shinshina ta kau da kai. Na sake busawa, Inna ta durƙusa, sai ga nono yana zuba. Daga ranar na samu aiki, kullum da safe ina busa tana tatsa. In na kuskure ko kaɗan, nonon ya tsaya cak, Inna ta harare ni. Wallahi ban taɓa samun malami mai tsanani irin saniyar nan ba. Da tsohon sojan ya ji yadda na ƙware, nan take ya sa ni a ƙungiyar, ni kuma ban faɗa masa inda na yi karatu ba.

Ranar biki na sha sabon farin kaftani, ɗinkin hannuna. Abu biyu ne ban yi lissafinsu ba: filin bikin ba shi da nisa da garken, kuma an kafa lasifika. Da aka zo kaina, na lumshe ido na lanƙwasa sautin nan iya gwanintata. Fili ya yi tsit. Can daga nesa sai muka ji amsa.

Na ci gaba, ina addu'ar kunnena ne. Ina! Sai ga saniyar tana jan tsinkakkiyar igiya, mutane na darewa, kujeru na faɗuwa, ɗan doka ɗaya ya haye tebur, Inna na biye tana ihu da Fulatanci. Ba ta taɓa kowa ba. Ta zo gabana ta tsaya, ta sa harshe tun daga haɓata har hulata ta faɗi. Dariyar da aka yi, ina jin har unguwar Ɗan Iya an ji ta. Kafin la'asar duk Wunti sunana ya koma Maraƙi.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na yi niyyar jefa hamonikar a rijiya. Da yamma tsohon sojan ya same ni a shago, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya natsu.

"Tela, na busa a wajen yaƙi, na busa a coci. Ba wanda ya taɓa tsinke igiya saboda ni."

Washegari da sassafe na koma gindin ɗorawa, don Inna na jira da ƙwaryarta. Na nemi tafin manya, na samu dariyarsu, amma a nan na gane cewa busa ba ta cika ba sai ta taɓa zuciyar da ke kewar wani. Tawa ta taɓa, ko da zuciyar saniya ce.